A daina kai tsohuwar aska wajen mai injin wasa wuƙa

Kwanan baya wani matashi ya nuna mini askar da ya tsinta a zabirar kakansa, wanda wanzami ne. A jikinta an buga Sheffield, garin maƙeran Ingila da ya yi suna wajen ƙera aska kamar Solingen ta Jamus. Da ya ga tsatsa a jikinta, sai ya miƙa wa mai injin wasa wuƙa a kasuwa. Cikin minti ɗaya bakin ya koma shuɗi, ya yi giɓi biyu. Askar da ta shekara fiye da hamsin tana aiki, gaggawa ta kashe ta.

Haba jama'a! Aska ba adda ba ce. An rarake gefenta biyu har bakin ya zama siriri ƙwarai, don haka da ya taɓa dutsen inji yake ɗaukar zafi. Shuɗin nan alama ce cewa zafi ya kai kusan digiri 300, ƙarfen kuma ya saki taurin da maƙeri ya ba shi. Daga nan ko kwana ka yi kana wasawa, kaifin ba zai zauna ba. Mai injin ba shi da laifi. Wuƙar mahauta ya saba da ita, kai ne ka kai masa abin da ba nasa ba.

Aikin na hannu ne, kuma na mai haƙuri. A ɗiga man keken ɗinki, a bi tsatsar da samfefa mai lamba 400, a riƙa sauyawa zuwa mai laushi har 2000, ana kiyaye yatsu. Idan tsatsa ta ci rami a kan kaifin kansa, a ajiye askar don tarihi kawai. Wajen wasawa, a jiƙa dutse mai santsi, a kwantar da askar gaba ɗaya, bayanta da bakinta duk suna taɓa dutsen, a tura baki na gaba ba tare da dannawa ba. Masu ɗaga bayan aska kamar suna wasa wuƙar girki su ma ɓarna suke yi, sai dai tasu a hankali take zuwa.

Bayan wasawa sai a goga askar a kan fata. Fatar gogawa ba sai an saya daga waje ba. Baduku zai yanko maka jemammiyar fatar saniya marar ɗinki, faɗin yatsu uku. A kanta kuwa bayan aska ne ke gaba, in ba haka ba ka yanke fatar.

Masu son haɗa buroshin kumfar aski a gida su guji ɗanyen gashi daga mayanka. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Ingila da Amurka sun kamu da cutar saifa ta dabbobi daga buroshin gashin doki da ba a tsabtace ba.

Kuma in ka gyara askarka, taka ce kai kaɗai. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini, goge aska a hannun riga ba ya kashe ta. Bayan aski a wanke, a shafa sifirit, a busar da ita sarai, a ɗan shafa mai, sannan a ajiye inda hannun yara ba ya kaiwa.