A Kwashe Tsohon Rumbu Kafin Gara Ta Riga Mu

Manomin Sandamu ko Baure, in ya ga rumbunsa ya fara karkacewa, ba ya jiran damina ta same shi. Yakan tura yaro ciki ya riƙa miƙo dammuna, a sussuka, a sheƙe, a auna da tiya, a ɗinke a buhu. Irin wannan aiki ne ke jiran duk mai tsohuwar laftof ta zamanin Windows 95 ko 98 a ƙasan akwati. A Daura sai ka same ta wajen malamin da ya yi ritaya ko mai shagon buga takardu, cike da jawaban taro da takardun filaye da salsalar gidaje, waɗanda ba su da kwafi a ko'ina.

Bakin wannan rumbu ƙarami ne ƙwarai. Faifan fulofi megabait 1.44 kawai yake ɗauka, hoto ɗaya na wayar zamani ya fi ƙarfinsa, kuma kamfanin Sony ya daina yin sa tun 2011. Filashi ma ba lallai ya yi amfani ba: Windows 95 ta farko ba ta san USB ba, Windows 98 kuwa sai an sa mata direba. Akwai kebul na siriyal da manhaja irin su LapLink, sai dai megabait ɗaya kan ci kusan minti ɗaya da rabi.

Ni dai na fi son a ɗage murfin rumbun gaba ɗaya. A kai wa mai gyara ya ciro had disk ɗin, mai haƙora 44, ya jona shi da adafta zuwa USB. Sabuwar kwamfuta za ta karanta shi kamar filashi. In ta ce a yi masa fomat, kada a yarda, domin nan take komai zai tafi.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan an kwafe. Dami ba ya shiga tukunya sai an sussuke shi. Kafin Unicode ta yaɗu, masu rubutun Hausa da yawa sun dogara da tsarin haruffan Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro a shekarun 1990. Sun yi mana rana sosai. Amma ɗora ƙ da ɗ da ɓ aka yi a gurbin wasu alamomi, saboda haka in aka buɗe takardar a kwamfutar da ba ta da su, sai haruffa masu lanƙwasa su rikiɗe, rubutu ya zama dagwalo. Dole a kwaso haruffan daga tsohuwar na'urar, a karanta da su, a musanya kowane ɗaya da na Unicode, sannan a adana a docx da PDF. Takardun WordPerfect kuwa LibreOffice na buɗe su kyauta.

Kada a yi jinkiri, domin batirin da ya daɗe yana yoyo yana cin allon na'ura, had disk ma yana iya sandarewa in ya daɗe ba a juya shi ba. Ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, ku tambayi iyayenku da malamanku abin da ke cikin akwatunansu. Ku ajiye abin da kuka kwaso a wuri biyu, kuma kada a sayar wa 'yan gwangwan da laftof sai an buɗe kowace takarda an ga tana karantuwa.