Tasirin Magungunan Sa Barci na Shaƙa ga Jini da Aikin Ƙwaƙwalwar Dabbobi

3.0 Shimfiɗa

Garin Illela yana arewacin Jihar Sakkwato, a kan iyaka da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, kuma kasuwarsa ta dabbobi tana tara shanu da tumaki da awaki da raƙuma daga ƙasashen biyu. Dabbar da aka yi wa doguwar tafiya a cunkushe cikin mota takan sauka da rauni, wani lokaci a ka. Idan raunin ya kai ga tiyata, sai an sa dabbar barci. A wannan babi za a bayyana abin da magungunan sa barci na shaƙa suke yi wa jinin da ke shiga ƙwaƙwalwa da kuma aikinta, da dalilin da ya sa hakan ke zama haɗari ga dabbar da ke da ciwo a cikin kai.

3.1 Dangantakar Jini da Aikin Ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiya. Sukari da iskar oksijin da take aiki da su jini ne ke kawo mata a kowane lokaci. A jikin ɗan Adam nauyinta kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin da jiki ke amfani da shi. Abubuwa uku ne ke tsara jinin da ke zuwa mata. Na farko shi ne yawan aikinta, wato idan aiki ya ƙaru jijiyoyin jini su buɗe, idan ya ragu su tsuke. Na biyu shi ne daidaita kai, inda jijiyoyin ke riƙe gudun jini bai ɗaya ko da matsin jinin jiki ya ɗan hau ko ya sauka. Na uku shi ne iskar kabon dayoksaid, wadda ke buɗe jijiyoyin idan ta taru a jini.

Haka kuma, ƙoƙon kai ƙashi ne da ba ya buɗewa. Alexander Monro a 1783 da George Kellie a 1824 sun nuna cewa abin da ke cikinsa ba ya ƙaruwa sai wani abu ya ragu. Saboda haka idan jini ya ƙaru a ciki fiye da kima, matsi ne zai hau.

3.2 Magungunan da Ma'auninsu

An fara nuna amfanin ita a bainar jama'a a birnin Bostan na Amurka a 1846. Halotan kuwa Charles Suckling ne ya haɗa shi a Ingila a 1951, aka fara aiki da shi a asibiti a 1956. Daga baya aisofuloren da sebofuloren suka maye gurbinsa a ƙasashe da yawa. Ana kwatanta ƙarfinsu da wani ma'auni da ake taƙaita sunansa da MAC, wanda Merkel da Eger suka fara gwadawa a kan karnuka a 1963. Ma'anarsa ita ce yawan maganin a huhu da zai hana rabin dabbobin da aka gwada motsawa idan aka yi musu abu mai zafi. A kare da doki, na halotan kusan kashi 0.9 cikin 100 ne, na aisofuloren kuwa kusan 1.3.

3.3 Yadda Suke Raba Jini da Aiki

Waɗannan magunguna suna yin abubuwa biyu masu karo da juna. A gefe guda suna rage aikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, sai buƙatarta ta oksijin ta ragu, wanda ya kamata ya tsuke jijiyoyin jini. A ɗaya gefen kuma suna sassauta naman jikin jijiyoyin kai tsaye, sai su buɗe. Idan maganin kaɗan ne, tasirin farko ke rinjaye. Idan ya wuce MAC ɗaya, na biyu ke rinjaye, jini ya ƙaru alhali buƙata ta ragu, daidaita kai kuma ya raunana.

Halotan ya fi sauran buɗe jijiyoyin, sebofuloren kuwa shi ne mafi sauƙi. Aisofuloren ya fi halotan rage aikin ƙwaƙwalwa. A 1983 Newberg da Milde da Michenfelder na Asibitin Mayo sun nuna a karnuka cewa cin oksijin yana ta raguwa har zuwa lokacin da na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa ta daina nuna motsi, daga nan ƙarin magani ba ya ƙara rage shi.

An kuma yi gwaji a kan awaki a Shikago. Albrecht da abokan aikinsa sun gano a 1983 cewa halotan yana ɗaga jinin ƙwaƙwalwar akuya sosai a farko, sannan ya koma daidai bayan 'yan sa'o'i. Wato farkon barci shi ne lokaci mafi haɗari. A 1984 Pelligrino da abokan aikinsa suka nuna cewa iskar naitiros oksaid ta bambanta, domin tana ɗaga jinin da aikin ƙwaƙwalwar gaba ɗaya.

3.4 Dabbobin da Abin Ya Fi Shafa

Ga lafiyayyar dabba ƙarin jinin ba ya yin illa. Matsalar tana ga wadda matsin cikin kanta ya riga ya hau, kamar ragon da ya ji ciwo wajen karo, ko tunkiyar da tsutsar cikin kare ta yi wa ƙullutun ruwa a ƙwaƙwalwa har tana zagaye wuri ɗaya. A irin wannan hali ƙaramin ƙarin jini yana iya danne sashen da ke kula da numfashi.

Dabbobi masu tuƙa suna da ƙarin matsala. Idan aka kwantar da su, iska tana taruwa a tumbi, ciki ya kumbura ya danne huhu, numfashi ya ragu, kabon dayoksaid ta taru, jijiyoyin ƙwaƙwalwa su ƙara buɗewa. Dangane da dawaki kuwa, Brosnan da Steffey da abokan aikinsu a Jami'ar Kalifoniya sun nuna a 2002 cewa matsin cikin kai yana hawa a ƙarƙashin aisofuloren, musamman idan kai ya yi ƙasa da zuciya.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa ba zaɓen magani kaɗai ke kare ƙwaƙwalwa ba. Ana hana dabba mai tuƙa abinci kafin tiyata, ana riƙe maganin kusa da MAC ɗaya ko ƙasa, ana taimakon numfashi don kabon dayoksaid ta tsaya tsakanin 35 da 45 a ma'aunin milimitar zaiba, kuma ba a barin kai ya rataya ƙasa. Duk wannan yana buƙatar na'ura da tukunyar oksijin da ƙwararren ma'aikaci. Saboda haka dabbar da aka gani a Illela da alamar ciwo a cikin kai, idan darajarta ta kai a yi mata tiyata, ya fi dacewa a kai ta inda ake da waɗannan kayan aiki, kamar Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.