Zumuncin 'Yan Aji Ɗaya Amana Ce

Kowace shekara, in 'yan ajin ƙarshe sun gama jarrabawa, mukan gan su a ƙofar makaranta da akwatunansu, suna sallama da hawaye. Sun yi shekaru suna kwana ɗaki ɗaya, suna cin abinci ɗaya, suna shan horo tare. Irin wannan zumunci ba a sayensa a kasuwa.

Mu ɗauki Kwalejin Barewa. An kafa ta a Katsina a 1921, aka mai da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949. Ba kowa ke samun shiga ba, sai yaran da aka zaɓo daga lardunan Arewa. Ita ta yaye Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello da Shehu Shagari. A Zariya kuma Yakubu Gowon, ɗan mai bishara daga Wusasa, da Murtala Muhammad na Kano suka yi karatu, Kirista da Musulmi a makaranta ɗaya.

Amma jama'a, ajin da ya fitar da gwamna shi ne ya fitar da malamin firamare da ke ƙauye yana jiran fansho. A taron tsofaffin ɗalibai, manyan motoci ake tara, shi kuwa ko kuɗin mota ba shi da shi.

'Ya'yanmu masu fita bana, ku riƙe sunan kowa. Ku nemi wanda ya yi shiru, ku je jana'izar iyayensa, ku taimaki ɗansa da kuɗin makaranta. Zumunci a ƙafa yake.