Ƙanƙara a Kan Rufi, Gumi a Cikin Kanti

Rana tana dukan rufin babban kanti, ma'aikata a ƙasa suna fifita da kwali, amma da mai gyara ya hau ya buɗe murfin babbar na'urar sanyaya iska sai ya tarar ƙanƙara ta lulluɓe cikinta fari fat. Wannan ba ƙarfin aiki ba ne, ciwo ne.

Inda ke daskarewa shi ne koyil na ciki, jerin bututun jan ƙarfe masu siraran haƙarƙarin alminiyom, inda gas ke tsotse zafin iskar da fanka ta jawo daga ginin. Idan lafiya lau, sanyinsa kan tsaya wajen digiri 4 zuwa 7. Danshin iska ya zama raɓa, ta ɗiga a faranti, ta bi tiyo ta fita. Ya sauka ƙasa da 0 kuwa, raɓar ta daskare, ta toshe hanyar iska, koyil ya ƙara sanyi, ita kuma ta ƙara kauri.

Maganar farko da maigida kan ji ita ce gas ya ƙare. Ni dai nakan yi shakkar wanda ya faɗi haka bai ko zaro filta ya duba ba. Gas ba fetur ba ne da inji ke ƙonewa. Zagaye yake a rufaffen bututu, idan ya ragu to akwai huda, kuma ɗura wani ba tare da an liƙe ta ba zuba ruwa ne a rariya. Sau da yawa ma iska ce ta yi kaɗan. Kowane tan ɗaya na sanyi, wato kilowat 3.5, yana son iska kusan kubik mita 680 a awa. Filtar da ƙurar hunturu ta cushe, ko bel ɗin fanka da ya saki yana sulɓi, ko ƙofofin iskar da aka rufe a wasu ɗakuna, kowanne ya isa ya rage ta.

Geji yana yaudara a nan, domin matsin ɓangaren tsotsa yana faɗuwa ko gas ne ya ragu ko iska. A na'ura mai gas irin R-410A, matsin da ya yi ƙasa da psi 100 yana nufin koyil ya kai sanyin daskarewa. A tsohuwa mai R-22 iyakar tana wajen 57. Mai raba gardama shi ne zafin ƙaton bututun da ke komawa kwamfiresa. Idan ya ɗara zafin da ya yi daidai da matsin da geji ya nuna da tazara babba, koyil yunwar gas yake ji, ko daga huda ko bawul ya toshe. Idan tazarar 'yar kaɗan ce, a nemi iska.

Akwai kuma daren sanyi, kamar na Janairu a Kano: na'urar da ke kwana tana aiki saboda ɗakin kwamfutoci takan daskare idan ba ta da abin da ke rage gudun fankar waje.

Kafin kowane awo sai ƙanƙara ta narke ƙarƙaf. A kashe kwamfiresa, a bar fanka tana juyawa, ko da za a ɗauki awoyi. Masu gaggawa kan sa sukudireba su ɓanɓare, su huda bututu. Idan kuma aka bar na'urar tana aiki a haka, gas mai ruwa-ruwa yake komawa kwamfiresa ya wanke masa mai, alhali shi ne mafi tsada a duk akwatin. A kuma zura waya a tiyon faranti tukuna, in ba haka ba ruwan narkewar ta silin zai sauko kan kaya.