Abin da baƙon sauti ke nufi idan babur ya dawo daga sabis

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, babur ya ƙara daraja a idon ƙananan ma'aikata da ke zaune a garuruwan kewayen Abuja, irin su Nyanya da Mararaba da Kubwa da Lugbe. Duk da an hana acaba a tsakiyar birnin tun 2006, babur ne ke kai wasu bakin titi su hau motar ofis, shi ne kuma ke kai yara makaranta. Shi ya sa hankalin mai shi kan tashi idan ya karɓo shi daga wurin bakanike ya ji wani sautin da bai saba ji ba.

Ba kowane sauti ne alamar ɓarna ba. Yawancin baburan da ake hawa, kamar Bajaj Boxer da TVS da Jincheng, iska ce ke sanyaya injinsu, don haka babu rigar ruwa da za ta danne motsin ƙarafa. Ɗan ƙas-ƙas da ake ji daga salansa bayan an kashe inji ƙarfe ne ke tsukewa yayin da yake hucewa. Haka nan sabon birki kan yi ƙara na 'yan kwanaki kafin ya zauna.

Sautin da ya fi rikita mutane shi ne na bawul. Ana barin 'yar tazara tsakanin bawul da ƙarfen da ke danna shi, wadda a ƙananan injuna kan kama daga milimita 0.05 zuwa 0.10, kuma sai inji ya huce ake auna ta. Idan tazarar ta yi yawa, sai a ji cak-cak daga saman inji, yana ƙaruwa idan an ja totur. Idan kuwa an matse ta fiye da kima, inji zai yi shiru, mai babur ya tafi yana yabon aiki, alhali bawul ɗin ba ya rufewa sosai idan ya ɗauki zafi. Daga nan babur zai fara wahalar tashi, ƙarfinsa ya ragu, a ƙarshe bawul ya ƙone. Saboda haka ɗan cak-cak mai sauƙi bayan an saita bawul ya fi shirun da aka samu ta hanyar matsewa.

Sarƙa ma tana da nata harshe. Idan an ɗaure ta da yawa, takan yi wani gunji mai tashi da sauka tare da gudun babur, kuma tana cin boris da haƙoran da take bi. Idan ta yi sako-sako, sai ta riƙa dukan murfinta, musamman a kan gargada. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ta iya motsawa sama da ƙasa kimanin santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta. Wannan gwaji ne da mai babur zai iya yi da yatsa, inji a kashe, kafin ya bar gareji.

Akwai kuma fas-fas da salansa ke yi idan an saki totur. Galibi ko dai an rage wa kafireta mai har iska ta rinjaya, ko an kwance salansa ba a mayar da gaskit daidai ba, ko kuma ba a rufe akwatin tace iska da kyau ba. Na ƙarshen ya fi haɗari a lokacin hunturu, domin ƙurar da ta sami ƙofa kai tsaye take wucewa ta cinye ringi da fistin.

Juyen baƙin mai shi ne aiki mafi sauƙi, amma a nan aka fi tafka asara. Kulocin irin waɗannan babura a cikin mai yake aiki, kuma wasu mayukan mota na ɗauke da sinadarin rage gogayya da ke sa shi santsi. Alamarsa ita ce inji ya yi ta ihu amma gudu bai ƙaru ba. Man da ya dace da su yakan zo da tambarin JASO MA a jikin galan, kuma abin da suke ɗauka bai cika wuce lita 1 ba. Ya kamata mai babur ya tsaya a buɗe galan a gabansa, ya duba ma'auni, ya kuma leƙa ƙasan inji ko notin juye na ɗiga.

Sautin da ba a yi masa jinkiri shi ne bugu mai nauyi daga ƙasan inji, kamar ana dukan ƙarfe da guduma. Wannan na nuna mai ya yi ƙasa ko ba ya zagayawa, ko boris ya ci. Abin yi shi ne a kashe inji nan take a tura babur, domin tafiyar 'yan mintuna na iya sa inji ya buga, gyaran da zai iya lashe kaso mai tsoka na albashin ƙaramin ma'aikaci.

Hanya mafi sauƙi ta kauce wa gardama ita ce ɗaukar sautin inji a waya kafin sabis da bayansa. Sannan a lura da lokacin da ƙarar ke fitowa: inji na sanyi ko ya yi zafi, a tsaye ko a kan tafiya, an ja kuloci ko an taka birki. Ƙarar da ke bin totur daga inji take, wadda ke bin gudun taya kuwa daga sarƙa ko birki ko boris. Wanda ya koma gareji a ranar da wannan bayani a hannu ya fi samun a gyara masa ba tare da sabon ciniki ba, domin idan mako ya zagayo, da wuya a amince cewa daga sabis matsalar ta samo asali.