Mohammed Kari: Daga shugabancin NICON zuwa kujerar kwamishinan inshora

Kafin ya zama mai sa wa kamfanonin inshora ido, Mohammed Kari ya jima yana shugabantar su, ciki har da NICON da Nigeria Re. Don haka da Shugaba Buhari ya naɗa shi shugaban hukumar NAICOM a 2015, ya san inda gizo ke saƙar: kamfani mai ƙaramin jari kan karɓi kuɗin mutane, ranar gobara kuma ya shiga kame-kame.

A Mayun 2019 hukumar ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin inshorar rai daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 8. Masu kamfanoni suka koka. Wa'adinsa ya cika a shekarar, ya sauka aikin bai kammala ba.