Kuɗin Ƙofa da Saurayin da Aka Manta da Shi

A Gusau, idan aka tambayi saurayi ƙungiyar da yake goyon baya, amsar ba ta cika wuce Arsenal ko Chelsea ko Real Madrid ko Barcelona ba. Kafin a ji bakin da ya ambaci Zamfara United sai an tona. Alhali ƙungiyar ta yi shekaru a babbar gasar ƙasa, tana karɓar irin su Kano Pillars da Enyimba a filin wasa na tunawa da Sardauna, kafin ta faɗo a 2011. Yaran da aka haifa bayan nan sun tashi ba su san wannan zamani ba sai a bakin yayyensu.

Akan ɗora laifin a kan tauraron ɗan'adam da gidajen kallo, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma akwai abin da masu riƙe da ƙungiyoyinmu ba su cika zama su lissafa ba: nawa ne saurayi yake kashewa kafin ya kalli wasan gida?

Ba yaro nake nufi ba. Yaro yana da hanyoyinsa: ya riƙe hannun wani babba, ko mai gadi ya kau da kai. Magidanci mai albashi ko mai shago kuwa kuɗin ƙofa ba ya hana shi barci. Wanda ke tsakiya shi ne aka manta da shi, ɗan shekara 17 zuwa 25: ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau, yaron kanikanci, ɗan kabu-kabu da ke biyan balas kullum, mai koyon ɗinki a hannun maigida. Ya wuce a tausaya masa a bakin ƙofa, bai kai ya tara abin kansa ba. Kuma a waɗannan shekaru ne mutum yake zaɓar inda zai riƙa zuwa da abokansa ranar hutu, zaɓin da yakan bi shi har furfura. Wanda ya saba da bencin gidan kallo yana ɗan ashirin, da wuya ka ja shi filin wasa yana ɗan arba'in.

Turawa ma sun sha wannan rigima. A Fabrairun 2016, dubban magoya bayan Liverpool suka fice daga Anfield a minti na 77, ana tsakiyar wasa da Sunderland, saboda an kai tikiti mafi tsada fam 77. Cikin 'yan kwanaki masu ƙungiyar suka janye, har da ba da haƙuri. A wannan shekara ce gasar Firimiya ta ƙayyade tikitin magoya bayan da suka yi tattaki zuwa wani gari a kan fam 30. Ƙungiyoyi da dama a Ingila suna da farashi na musamman ga wanda ya wuce ƙuruciya amma bai kama ƙasa ba. A Jamus, Dortmund tana da rumfar tsayuwa mai cin mutum kusan 25,000, mai araha, kuma ita ce cibiyar amon filin.

Sai dai matsalarmu ta sha bamban. A nan kuɗin ƙofa shi ne ƙaramin abu a lissafin. Saurayin Bungudu, duk da kusancinsa da Gusau, sai ya biya mota zuwa da dawowa, sannan ya hau babur daga tasha, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 wannan kuɗi ya fi na tikitin nauyi. Na Tsafe nasa ya fi haka. Wasannin gida yawanci da ƙarfe huɗu na yamma ake take su, a tashi wajen shida, ga magariba ta kawo kai. Wace uwa ce za ta bar ɗanta ya kama hanyar Tsafe a wannan lokaci, da halin da hanyar take ciki? Gidan kallo kuwa yana bakin layinsu, da ɗan canji zai ga wasa biyu.

To, a buɗe ƙofa kyauta mana? Wannan ita ce dabarar da 'yan siyasa suka fi so, musamman in babban wasa ya zo: wani mai hali ya saye ƙofa, a yi ta shela da sunansa. A ganina illarta ta fi amfaninta. Mai shiga kyauta ɗan kallo ne kawai, ba ya jin yana da haƙƙin tambayar me ya sa ba a biya 'yan wasa albashi ba. Ita ma ƙungiyar, tunda daga baitulmalin jiha take ci kamar yawancin takwarorinta a Najeriya, ba ta damu da fili ya cika ko ya zama kango ba. Hankalinta na kan ofishin kwamishina. Kano Pillars ma ta gwamnati ce, amma jama'ar da ke biya suna cika filin Sani Abacha sun zame mata garkuwa. Babu gwamnan da zai yi wasa da Sai Masu Gida bai ji a jikinsa ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne kuɗi kaɗan, tsayayye, wanda bai wuce na gidan kallo ba, ga duk wanda bai haura 25 ba. A yi masa katin kaka guda mai sunansa da hotonsa, ya biya kashi biyu ko uku, in ya so ma a buɗe sayarwar bayan girbi, lokacin da kuɗi ke yawo a ƙauyuka. Katin yana toshe kafar da kuɗin ƙofa ke zurarewa a hannun masu yagar tikiti, kuma karon farko ƙungiya za ta san su wa ke binta da garuruwan da suka fito. Da wannan sani za ta iya daidaitawa da direbobin tasha, motar magoya baya ta tashi daga Bungudu da Kwatarkwashi da Tsafe a kan ragi. Lokacin wasa kuwa hukumar gasa ce ke da ta cewa, amma ƙungiyar da ke da dalili irin na Zamfara tana iya neman a matso mata da shi, yadda ɗan Tsafe zai yi sallar magariba a gida.